Yarinyar da Na Kai Gida, da Yaron da Na Mayar

Duk shekara ana turo mana ɗalibai su zo sanin makamar aiki a ofishin walwalar jama'a, sashen kula da yara. Wadda duk na tambaya me ya kawo ta wannan fanni, amsar ba ta wuce, "Anti, ina son yara." Ba na musa musu, ni ma da guzurin da na shigo ke nan a 2002. Sai dai son yaran bai hana ni cutar da wasu daga cikinsu ba, bai kuma hana ni kwantar da kaina a gadon asibiti ba. To, ƙannena, ku matso ku ji inda na yi tuntuɓe.

Ina shekara ta biyu da fara aiki, wata Juma'a da rana, 'yan sanda suka kawo wata yarinya da ba ta wuce shekara 9 ba. 'Yar aiki ce, dillaliya ta kawo ta daga ƙauye. Uwar ɗakinta ta ɗora mata dutsen guga a cinya a kan wai ta tsami nama a tukunya. Maza duk sun tafi masallaci, oga ba zai dawo ba sai Litinin, babu mai sa hannu a kai ta gidan yara, motar ofis kuwa ta daɗe a kan duwatsu. Na dubi yarinyar, ta dube ni. Na tare ɗan acaɓa, na ɗora ta a gabana, muka tafi gidana.

Kwana biyu na yi niyya, sai ga mu a wata huɗu. Na yi mata magani, na ɗinka mata kaya, na sa ta Islamiyya tare da 'yata. Ta fara kirana Mama. A zuciyata na gama aikin lada. Rannan sai ga mahaifinta da takardar dagaci, dangin uwar ɗakin suna biye da shi, har da mai cewa sace yarinyar na yi. Aka ce in kawo takardar da ta ba ni izinin riƙe ta. Babu. Rahoton likita? Babu, a kemis na sayi maganin na riƙa wanke mata da kaina. Hoton ƙunar? Ban kira mai hoto ba. Ciwon ya warke, shaida ta warke tare da shi. Matar da ta ƙona ta ko ƙofar kotu ba ta taka ba. Yarinyar kuwa ɓamɓare ta aka yi daga zanina tana ihu. An raba ta da uwarta, an raba ta da inda ta saba ko da wuya take sha, ni kuma na ƙara mata rabuwa ta uku da hannuna.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan mahaifinta. Sai da na girma a aikin na yarda cewa ni ce na yi wa ofishi aikinsa a ɓoye, ofishin kuma bai san da zaman yarinyar ba, balle ya tsaya mata. Abin da ba a rubuta ba, a wannan aiki, bai faru ba. Ranar da aka kawo yaro, ranar za ku buɗe masa fayil, ku rubuta wa ya kawo shi, ƙarfe nawa, me kuka gani a jikinsa, me ya faɗa da bakinsa, ba abin da kuka fahimta ba. A kai shi asibiti a ranar, a karɓi rahoto. In fyaɗe ne, maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 yake aiki, kada ku ce sai Litinin, kuma kada a wanke kayan da ke jikin yarinyar. Yanzu ma kun samu sauƙi, akwai cibiyoyin da aka ware don wannan, irin Waraka a Kano, Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato. Mu a lokacinmu babu su.

Doka ma haka. Gwamnatin tarayya ta yi dokar kare haƙƙin yara tun 2003, amma sai kowace jiha ta yi tata kafin ta yi aiki a cikinta, jihohinmu na Arewa kuwa sun daɗe suna jan ƙafa, musamman a kan maganar shekarun aure da ta ɗaukar ɗa. Kaduna ta yi tata a 2018, Kano sai 2023. Ku nemi ta jiharku ku karanta ta kamar za a yi muku jarrabawa. Ma'aikacin da ya san sashen da ya ba shi ikon ɗauke yaro daga inda ake cutar da shi, ba ya rawar murya a gaban mai kuɗi ko ɗan siyasa. Kuma za su zo, da waya a kunne, suna cewa "a bar maganar a gida".

Amma doka ba ta zuba mai a babur. Nan ne kuskurena na biyu, wanda na shafe fiye da shekara goma ina yi ina jin daɗin kaina. Kuɗin motar zuwa bincike, aljihuna. Kunu da ƙosan yaron da ya kwana a caji ofis, aljihuna. Katin asibiti, madarar jaririn da aka tsinta, hatta bangon fayil, duk ni. Akwai shekarar da na kwashi adashe ya ƙare a kan 'ya'yan mutane, aka koro ɗana daga makaranta saboda kuɗin zango. Ya dawo gida bai ce mini komai ba, ya ajiye jakarsa ya shiga ɗaki. Har yau in na tuna sai in ji kunyarsa.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, duk sanda na toshe rami da albashina, ɓoye ramin nake yi wa masu tsara kasafi. A takarda aiki yana tafiya lafiya lau ba tare da an kashe ko kwabo ba, to don me za a ware kuɗi? Ku rubuta buƙata duk lokacin da za ku fita, ko kun san ba za a bayar ba, ku ajiye kwafi. In an ƙi, ku rubuta a fayil cewa ziyara ba ta yiwu ba saboda babu kuɗin mota. Ban ce ku ƙeƙashe hannu ba, wa zai ga yaro da yunwa ya kau da kai? Ku ware wani abu a wata, ku ce wannan sadakata ce, in ya ƙare ya ƙare. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 kuwa kun fi ni sanin inda yake kai mutum. Abin da na iya yi a da, ku in kun gwada bashi za ku ci.

Lambar waya kuwa, ku yi layi biyu. Ni tawa na raba wa kowa, har ƙarfe biyun dare ana kirana, maigidana ya yi haƙuri har ya gaji. Kuma kada ku shiga gidan da ake zargi ku kaɗai. Ku bi ta wurin mai unguwa, ya haɗa ku da wani, ofis ya san inda kuka tafi. Na taɓa shiga ni kaɗai, maigidan ya mayar da ƙofar zaure ya sa sakata, ya tsaya yana tambayata wa ya aiko ni. Wata tsohuwa a gidan ce Allah ya sa ta fito.

Duk waɗannan masu sauƙin faɗa ne. Ga mai wuyar.

Kun tuna ƙarshen 2019, lokacin da 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, yara da manya, wasu da sarƙa a ƙafa, daga nan aka bi irinsu a wasu garuruwa? Ba a gama da wannan ba korona ta shigo a 2020, gwamnonin Arewa suka shiga mayar da almajirai jihohinsu na asali. Mota-mota ake sauke mana yara. Wani bai san sunan ƙaramar hukumarsu ba, sai sunan ƙauye da laƙabin babansa, ya ce "kusa da kuka, bayan rafi". Mu 'yan ƙalilan ne, ga dokar kulle, ga tsoron cuta. Na yi makonni ban san Asabar ba ban san Lahadi ba. Dama na yi shekara shida ban tafi hutun shekara ba, ina ganin in na tafi komai zai rushe. Girman kai ne, na sa masa rigar sadaukarwa.

Barci ya fara ƙaurace mini. In na rufe ido sai bayan wani yaro da na gani da rana ya dawo mini. 'Yata ta fasa kofi na yi mata tsawar da ta sa ta fitsari a tsaye, ni da nake yini ina yi wa iyaye wa'azin haƙuri da yara. Daga baya kuma abin ya juya, na daina jin komai. A kawo yaro da jini, in duba agogo. A lokacin har murna na yi, na ce na zama gogaggiya.

A cikin wannan hali wata maƙwabciya ta kawo wani yaro ɗan shekara 7, ta ce kishiyar uwarsa tana dukansa, uwar an sake ta, uban direba ne ba ya zama. Yaron yana tsaye, kansa a ƙasa, da wata doguwar riga har gwiwa. Fayil goma sha suna gabana. Na ce, "Baba, irin wannan ai na cikin gida ne, ku je wurin mai unguwa ya sasanta." Matar ta ce, "Hajiya, ki dai duba bayansa." Na ce zan aiko. Ban ɗaga rigar ba. Ban rubuta sunansa ba. Ban aika ba.

Bayan mako uku aka kira mu asibiti, an kawo yaro da karaya a hannu. Shi ne. Da nas ta cire masa riga na ga tabon bulala sabo a kan tsoho, wasu sun fi wata uku. Da na ɗaga rigar nan rannan, da na gan su. Yaron ya rayu, yana wurin kakarsa ta wajen uwa, alhamdu lillahi. Maƙwabciyar tana bakin gadon, ba ta ce mini uffan ba, gaishe ni kawai ta yi. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Masana halayyar ɗan'adam suna kiran wannan gajiyar tausayi: mai yini cikin masifar wasu, in bai samu inda zai sauke ba, zuciyarsa takan rufe ƙofa don ta tsira. Mu kuwa a nan, in ka ce ka gaji, sai a ce ka cika raki, ko a ce ka ƙara tawakkali, "aikin lada ne". Lada ne, ban musa ba. Amma Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi, iyalinka ma suna da haƙƙi, Annabi (SAW) kuma ya ce Salmanu ya yi gaskiya. A kan ibada ma aka faɗi haka, balle aikin gwamnati.

Hawan jini ne ya kai ni wurin likita. Ya gwada ni, ya tambaye ni yaushe rabona da barcin kirki, sai na fashe da kuka, ni kaina ban san daga ina ya zo ba. Ya ce in ga likitan ƙwaƙwalwa. Na yi wata biyar ina zillewa, kada a ji a ce Hajiya ta taɓu, ni da nake tura mutane can da bakina. Da na je, zama ne da magana, sai maganin barci na ɗan lokaci. Na ɗauki hutuna cif. Ofis bai rushe ba, har na ɗan ji haushin hakan.

Da na dawo muka ɓullo da wani abu mu huɗu. Duk Alhamis bayan la'asar mukan rufe ƙofa, a dafa shayi, kowa ya faɗi shari'ar da ta tsaya masa a rai a makon. Ba a neman mafita dole, a ji ka kawai. A nan na gane abokin aikina namiji, wanda muke ganin dutse ne, ya daina cin nama tun ranar da ya ɗauko wani jariri daga kwata. In babu irin wannan a inda kuke, ku fara, ko ku biyu ne. Kada dai ku kwashi sirrin yara ku kai gida ko ku zuba a WhatsApp da sunan neman taimako. Na taɓa sa hoton wata yarinya don a tara mata kuɗin magani, kuɗin ya taru, hoton kuma ya isa unguwarsu kafin ita ta koma.

Ku kuma shiga ƙungiyarku ta ma'aikatan walwala, ku riƙa zuwa taro. Sai a ƙarshen 2022 aka sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta kula da wannan sana'a a Najeriya, bayan shekaru ana ɗaukarmu masu rabon shinkafa da sasanta ma'aurata. Maganar yawan fayil a kan mutum ɗaya, da alawus ɗin haɗari, da motar fita, ba wanda zai yi muku ita, kuma mutum ɗaya in ya yi, sai a ce fitinanne ne.

Kwanakin baya, wata Juma'ar, aka kawo jaririya da aka tsinta a bayan tasha. Ɗalibar da ke tare da ni ta karɓe ta, ta goya ta da mayafinta, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Anti, ki bar ni in tafi da ita gida zuwa Litinin, Mamana ba za ta hana ba." Na miƙa mata fom da biro, na ce ta fara da ƙarfe nawa aka kawo ta. Ta dube ni kamar ba ni da imani. Muka kai jaririyar asibiti aka duba ta, na yi ta kiran oga har ya ɗauka, muka zauna a kan benci muna jiran sa hannu. Sai bayan isha'i muka miƙa ta gidan yara, da fayil ɗinta, na sa ɗalibar a adaidaita sahu, na kashe layin aiki na tafi gida.