Kwana Biyu a Gungu, Ni da Ƙanena da Karnuka Biyu

Ƙanena ne ya kawo maganar. A New Bussa ya yi bautar ƙasa, kuma tun da ya dawo Abuja bakinsa bai huta da zancen tafkin Kainji ba. "Yaya, idan bazara ta yi, ruwa ya ja baya, tudu na fitowa a tsakiyar tafki. Mu je mu kafa tanti mu kwana, ko ƙarar janareto ba za ka ji ba." Na ce na yarda, amma ƙafata ƙafar Duna da Guguwa.

Karnuka ne irin na mafarauta, dogayen ƙafafu, shafaffen ciki. Tun suna 'yan kwikwiyo na karɓo su a hannun wani maharbi a Bwari, shekara huɗu ke nan suna gadin gidana a Kubwa. Da Hajiyarmu ta ji shirin, ba ta hana ba, ta dai ce, "Za ka je baƙunta garin mutane, ka ja musu karnuka? To, ka san yadda za ka yi kada su cutar da kowa." Da wannan maganar na yi guzuri.

Saura mako biyu na kai su wurin likitan dabbobi. Ya sabunta musu allurar rigakafin haukan kare, ya ba ni takardar shaida da maganin kaska. Ya ja min kunne cewa kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa, don haka rufe shi a mota cikin rana, ko na ɗan lokaci ne, kisa ne. Ya ce kada in cika musu ciki da safen tafiya saboda amai. Mun kuma yi ta buga waya can muna tambayar lafiyar hanya, domin yankin Borgu, inda New Bussa take, ba wurin da za ka faɗa kai tsaye ba ne, kuma muka ƙudura ba tafiyar dare.

Ana idar da sallar asuba muka ɗau hanya. Muka wuce Dutsen Zuma gari bai gama wayewa ba, Suleja, Lambata, Lapai, Agaie, sai Bida, inda muka karya kumallo. Daga Kutigi zuwa Mokwa ne rana ta nuna mana watan Afrilu ake ciki. Manyan motoci sun cika hanya, ramuka sun hana gudu. Guguwa ta zaro harshe har ƙasa, idanunta suka kaɗa. Muka tsaya ƙarƙashin wani mangwaro, na jiƙa tsumma na shafa mata a ciki da tafukan ƙafa, na ba ta ruwa kaɗan-kaɗan har ta dawo hayyacinta. Daga nan duk bayan awa guda sai mun tsaya. La'asar sakaliya muka isa madatsar.

An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968, kuma ita ce ta tare kogin Kwara har ya zama tafkin da tsawonsa ya haura kilomita 130. Tsohon garin Bussa, inda Bature Mungo Park ya halaka a 1806, yana ƙarƙashin wannan ruwan. Mutum wajen 44,000 aka tasa daga garuruwansu. Na san waɗannan tun daga makaranta, amma a lokacin lissafi ne kawai na cin jarrabawa.

Muka kwana a gari. Washegari da sassafe muka nufi wani ƙauyen masunta, muka fara kai gaisuwa wurin sarkin ruwa, shi ya haɗa mu da wani dattijo mai kwale-kwalen inji. Dattijon ya daɗe yana kallon karnukan kafin ya buɗe baki. Gabana ya faɗi, na ɗauka tafiyar ta ƙare ke nan.

"Samari, zan kai ku," in ji shi. "Amma sharaɗi uku. A ɗaure su a tsakiyar jirgi, don kare in ya tsorata ya yi tsalle gefe guda, sai ya kifar da mu. Kwanonsu daban. Kuma kada su kusanci tarun mutane da kifin da aka shanya."

"Baba, mun amince."

"To, ku sa rigunan ruwan nan da kuka zo da su. Yanzu za mu tashi, da yamma iska ba ta da amana."

Bai bi miƙaƙƙiyar hanya ba, sai kwana yake yi a inda ni ban ga komai ba sai ruwa. Da na tambaya, ya nuna min wani baƙin abu da ya ɗan leƙo. Kututturen itace ne. Dajin da ruwa ya cinye yana nan tsaye a ƙasa, kuma idan ruwa ya ja baya a bazara, shi ke fasa jiragen waɗanda ba su san wuri ba. Duna ya cusa kansa tsakanin gwiwoyina yana karkarwa, Guguwa kuwa ta miƙe wuya tana shaƙar iska kamar a ruwa aka haife ta.

Tsibirin ba babba ba ne. Rairayi a bakin ruwa, laka busasshiya da ta tsattsage, sai ɗan tudu mai ciyawa da 'yan itatuwa. A can gefe akwai bukkoki uku na masunta masu banda. Kafin mu sauke kaya na je na yi musu sallama, na gaya musu da karnuka muka zo, kuma ba za a sake su ba sai ina tsaye. Suka sayar mana da karfasa da wani yanki na giwan ruwa, muka gasa a garwashi da yaji da gishiri. Ban taɓa cin kifi mai zaƙin wannan ba, kifin da ko awa guda bai yi da barin ruwa ba. Wanka kuwa Baba ya hana mu yi a inda ruwa ya kwanta cikin ciyawa, saboda tsargiya.

Da yamma, ina riƙe da igiyarsa, Duna ya tsaya a gindin tudun ya hau tono. Na zaci ɓera ya ji. Sai ga katanga, fasasshiyar tukunya, bakinta da zanen da aka yi da tsinke. Ya ƙara tonowa, ga wata. Na kai wa Baba. Ya karɓa, ya goge ƙasar da babban yatsansa, ya yi shiru har na fara tunanin ko laifi muka yi.

"Ka san me ake kiran mu?" ya ce. "Gungawa. Mutanen gungu, wato tsibiri. A tsibiran Kwara aka haifi iyayenmu, nan suke noman albasa da gero, nan suke su. Ina yaro aka kwashe mu."

Ya ce gidajen da aka gina musu a tudu ba su yi kama da nasu ba, kuma tsofaffi da yawa ba su saba da sabon wurin ba har suka koma ga Allah. Mahaifinsa, idan suna wucewa a jirgi, yakan sassauta filafili a wani wuri ya yi addu'a, domin kabarin mahaifiyarsa na ƙasa. Ba da ɗaci ya faɗa ba. Har ya ƙara da cewa wutar da ake sha a birane daga nan take fitowa, kuma ba ya baƙin ciki da hakan. Ni ne kunya ta kama. Shekara nawa ina kunna fanka a Kubwa, in aka ɗauke wuta in yi tsaki, ban taɓa tambayar gidan wa aka nutsar kafin ta iso ni ba.

Bayan isha'i na so shigar da karnukan cikin tanti saboda sauro. Baba ya girgiza kai. "A nan za ku yi sallar asuba. Karen Ashabul Kahfi ma a bakin kogo ya shimfiɗa hannuwansa." Haka aka yi, na ɗaure su a ƙofa, na hura musu ɗan hayaƙi. Can cikin dare suka tashi da gurnani, gashin bayansu a miƙe. Daga nesa muka ji wani nishi mai kauri yana fitowa daga ruwa. Baba daga cikin gidan sauronsa ya ce dorina ce, kada wanda ya haska tocila. Muka yi tsit har ta yi gaba. Da gari ya waye, ɗaya daga cikin masuntan, wanda jiya ko kallon karnukan ba ya son yi, ya kawo musu kawunan tarwaɗa a cikin wani tsohon gwangwani.

Rana ta biyu ba mu yi komai ba sai zama a inuwa, shan shayi, da kallon masu jefa birgi. Da daddare hadari ya haɗo daga gabas, iska ta tuge mana turaku biyu na tanti, amma ruwan bai sauka ba.

Da safe muka tattara shararmu a buhu, na bi wurin na binne kashin karnukan. Katangar nan tana aljihuna, na yi niyyar kawo ta gida in nuna wa Hajiya. Har na sa ƙafa ɗaya a jirgi, sai na ce, "Baba, a ɗan jira ni." Na koma gindin tudun, na mayar da ita ramin da Duna ya tona, na tura ƙasa na rufe. Da na dawo bai ce min komai ba. Ya jira na ɗaure karnukan a tsakiya, ya yi bismillah, ya ja igiyar inji.