Ranar da Layi Ɗaya Ya Fito

A tsakiyar daminar bara jikin ƙaramar 'yata ya yi zafi cikin dare, kuma da gari ya waye kakarta ta ce in je kemis in karɓo maganin maleriya kawai, domin a wurinta duk zazzaɓin damina na sauro ne. Ban bi shawararta ba, na kai yarinyar asibitin unguwarmu. Ma'aikaciyar jinya ta goge mata yatsa da auduga, ta ɗan soke shi, ta ɗiga jinin a ramin wata 'yar farar roba da ba ta wuce tsawon yatsa ba, sannan ta bi shi da ruwan gwaji. Bayan minti 15 sai layi ɗaya ya fito, wato gwajin ya yi aiki amma bai ga alamar cutar ba.

Gaskiya raina bai kwanta ba, domin na zo ne da tabbacin za a ba mu magani mu koma gida, kuma a nan nake ganin matsalarmu take: muna yarda da gwajin ne kawai idan ya faɗi abin da muke zato.

Wannan gwaji yana neman wani sinadari ne mai suna HRP2, wanda ƙwayar cutar maleriya mai suna Plasmodium falciparum ke saki a cikin jini, kuma tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar da cutar kafin a ba da magani. Dalilin a fili yake ga wanda ya tuna yadda kulorokwin ya daina aiki bayan ƙwayar cutar ta saba da shi, har Najeriya ta koma ga magungunan ACT, waɗanda ke haɗa sinadarin artemisinin da wani maganin maleriya, a 2005. Abin da ya fi wannan tsoratar da ni shi ne yaron da ake ɗura wa maganin maleriya kwana uku alhali nimoniya ko sanƙarau ke cin sa. Gwajin ma yana da nasa rauni, tunda sinadarin kan yi makonni a jini bayan an warke, sai layi biyu su fito ga wanda zazzaɓinsa na wani ciwo ne daban.

Ma'aikaciyar ba ta sallame mu ba. Ta ƙirga numfashin yarinyar, ta duba maƙogwaronta, sannan ta haska kunnenta na hagu ta ce, "Baban yarinya, ga inda ciwon yake." An ba mu maganin ciwon kunne, zazzaɓin ya sauka a kwana na biyu. Da muka koma gida, tambayar farko da kakarta ta yi ita ce ko an haɗa mana da na maleriya, ko da na rigakafi ne.