Abin da na koya a lungun masu gem na labari

Duk wanda ya taɓa aiki a gidan gem ya san ƙwallo ce ke ciyar da shago. Yara su shigo bibbiyu, su biya, minti goma an tashi wasa, wanda aka ci ya miƙa hannu wani ya zauna, haka ake yi har dare. Aikina kenan, karɓar kuɗi, rubuta lokaci, gyaran hannun gem in maɓalli ya maƙale, tada janareta in an ɗauke wuta. To amma akwai talabijin ɗaya can lungu da oga ya ware wa masu gem na labari, su da awa suke biya, kuma gaskiya yawancin abin da na koya a aikin nan a wannan lungun na koye shi, ina tsaye a bayan mutane ina kallon yadda ake kashe su suna sake tashi.

Gem mai wuya yana korar kwastoma, wannan kowa ya sani. Mutum ya biya kuɗinsa, ana ta kashe shi a wuri ɗaya, 'yan kallo na bayansa na ta shewa, ai tashi zai yi ya koma ƙwallo inda ko an ci shi yana da uzuri. Amma in akwai wata dabba a cikin gem ɗin da take bin shi, doki ne ko kare, sai ka ga mutumin nan ya daure, gobe ma ya dawo, jibi ma ya dawo. Na daɗe ina juya abin a raina kafin na gano bakin zaren.

Ɗauki Elden Ring, wanda kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a 2022. Kana fitowa fili, tun ba ka san gabas da yamma ba, ga wani ƙaton mahayi cikin sulken zinare, Tree Sentinel, yana sintiri a kan hanya, kuma kusan duk sabon shiga sai ya je ya tsokane shi, duka biyu uku ya kwantar da shi. A nan da yawa ke ajiye hannu. Wanda ya haƙura ya kewaye shi ya ɗan ƙara gaba har wata mata a cikin gem ɗin mai suna Melina ta ba shi zoben da ake busawa a kira Torrent, wannan dokin mai ƙaho da ke ƙara wani tsalle yana sama, to daga nan zamansa a kujera ma canzawa yake yi. Wuyar tana nan ba ta je ko ina ba, amma yanzu in abu ya fi ƙarfinsa ya busa, doki ya bayyana a ƙarƙashinsa, su ba wa wandonsu iska tare. Duk abin da ke motsi a allon nan so yake ya kashe ka, ɗakin da kake ciki kuma jira ake ka faɗi a yi dariya, sai wannan halittar guda ce ba ta dariya, ba ta gajiya da kai, ka mutu sau nawa ne in ka kira ta zo.

Sai dai fa Torrent ba ya yi maka faɗan. A hanyar shiga ganuwar fadar Stormveil inda wani babban dodo mai suna Margit yake tsare, ba a hawa doki, da ƙafarka za ka shiga. Kana iya kiran kurwar kyarketai uku su ɗauke masa hankali na ɗan lokaci, amma sara da kaucewa naka ne. Kuma wannan tsarin ba yau aka fara shi ba. Oga yana da wata tsohuwar na'urar gem ta Sega da yake kunnawa in shago ya yi sanyi, a ciki akwai Shadow Dancer na 1990, ɗan ninja da farin karensa, gem ɗin da harsashi ɗaya ya ishe ka. In ka danne maɓalli ka saki, karen ya daka tsalle ya cafke mai bindiga ya riƙe maka shi, riƙewa kawai, kai za ka ƙaraso ka gama aikin, in kuwa ka yi nawa abokin gaba ya ji masa ciwo sai ya koma ɗan kwikwiyo yana bin ka ba ya iya komai na wani lokaci. Wallahi duk wanda ya ga karen nan ya ƙanƙance saboda sakacinsa, fuskarsa sai ta canza, kuma karo na gaba ba ya ƙara jinkiri.

A jikin wannan karen na koyi yadda ake taimaka wa mai koyo. Abin da manyan yara suka saba yi a shago shi ne, da sun ga ƙarami ya maƙale sai su ce kawo in wuce maka wajen, su fizge hannun, su kashe dodon, su miƙa masa. Shi kuma yaron an wuce da shi amma bai wuce ba, dodo na gaba ya fi wannan, kuma yanzu ya riga ya sa a ransa cewa shi ba zai iya ba sai an yi masa. Ni na hana wannan a lungun. In yaro ya kira ni sai in ja kujera in zauna gefensa, hannun yana hannunsa, in ce masa ƙanena bar kallon layin jininka da ke saman allo, kalli sandar Margit, ka ga in ya ɗaga ta ba nan take yake saukewa ba, sai ya ɗan riƙe ta a sama har kai ka gaji ka yi birgima da wuri, sannan ta same ka, to jira, jira, yanzu. Iyakata kenan. Ranar da yaro ya kada shi da kansa ihun da yake yi har masu ƙwallo sai sun waiwayo, kuma wannan yaron ya zama ɗan gida.

Wanda ya fi ba ni aiki shi ne Shadow of the Colossus, na mai tsara gem Fumito Ueda, da ya fara fitowa a na'urar PS2 a 2005 aka sake gina shi don PS4 a 2018. Ƙattai 16 za ka hau ka kashe, ba kowa a duk faɗin ƙasar sai kai da dokinka Agro. Ƙorafin kullum iri ɗaya ne, a kira ni a ce hannun nan ya lalace a canza, wai an juya hagu doki bai juya nan take ba, wai an ce ya tsaya ya ƙara taku. Hannu kuwa lafiyarsa ƙalau, haka aka gina dokin, linzami kake riƙe da shi ba ƙafafunsa ba. Wani bawan Allah da yake zuwa da yamma, gidansu gidan dawaki ne, suna hawan sallah, shi kallo ɗaya ya yi ya gane. Yana tsaye bayan wani saurayi da ke ta kokawa da Agro a wata siririyar hanya bakin rami, ya ce masa "malam sakar masa linzami mana, ya fi ka ganin hanya, in kana fizgarsa haka ko na gaske ne tirjewa zai yi." Saurayin ya saki sandar juyawa, dokin ya bi lanƙwasar hanyar da kansa har suka fita. Daga ranar duk mai wannan ƙorafin abin da nake faɗa masa kenan.

Kuma saboda Agro yana da nasa ra'ayin ne ya sa abin da ke faruwa kafin ƙato na ƙarshe yake taɓa mutane. Gada ta fara rushewa kuna kai, dokin ya wullo ka gaba ka tsira, shi ya tafi ƙasa cikin kogi. Na ga ƙaton saurayi mai gemu ya ajiye hannu a cinyarsa ya yi shiru, lokacinsa na tafiya kuɗinsa na ƙonewa bai damu ba. Ban gaya masa cewa dokin zai dawo yana ɗingishi a ƙarshe ba, na bar shi ya gani da idonsa. Ni a ganina dabbar da ba za ka taɓa iya rasawa ba, kamar Dogmeat, karen gem ɗin Fallout 4 da ba ya mutuwa, tana da daɗin tafiya amma ba ta kama zuciya haka.

Akwai abin da yake damuna dai, kuma ina faɗa musu. Yaron da zai zauna yana shafa kan kare a allo, shi ne in ya fita waje ya ga na unguwa kwance a inuwa zai nemi dutse. Ba na cewa ya kai shi ɗaki, mun san yadda muke da kare, amma jifan na mene ne.

Red Dead Redemption 2 na 2018 kuwa shi ya sa muka canza tsarin shago gaba ɗaya. A can doki yana sabawa da kai mataki-mataki har huɗu, ka goge masa jiki da buroshi, ka ba shi karas, ka lallashe shi in ya firgita, kuma in ya ji mummunan rauni ba ka da maganin farfaɗo da shi to ya tafi kenan. Mutanen da ke biyan kuɗi da awa za ka ga sun ɓata minti biyar suna goge doki, ba wanda ya sa su. Wata rana wani ya zauna a kan wasan da wani ya ajiye, ya faɗa da dokin mutane daga kan dutse, gem ya adana a haka, mai doki ya zo da yamma ya tarar babu. Rigimar da aka yi sai da oga da kansa ya fito ya ba da haƙuri ya ƙara masa awanni kyauta, shi kuma cewa yake ba awa yake nema ba. Oga har ya fara tunanin a mayar da talabijin ɗin ta ƙwallo a huta, na roƙe shi na nuna masa littafin lokaci, cewa mutanen lungun nan su ne ba sa fashi ko ranar da ba kowa. Ya yarda, da sharaɗin in buɗe wa kowane kwastoma nasa akawun da lambar sirrinsa a kan na'urar, kuma ni zan riƙa shigar da mutum da kaina kafin in miƙa masa hannu.