Kifi a tanki, salati a tsakuwa

Karon farko da na zuba kifi a tanki, ƴaƴan karfasa hamsin ne. Kafin kwana goma saura huɗu. A lokacin ban daɗe da gama karatun aikin gona a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi ba, kaina cike da zane-zane. Na samo tankin roba mai cin lita 1000, irin mai kejin ƙarfen nan, na yanke samansa na kifa shi ya zama kwamin shuka, na cika da tsakuwa, na ɗaura tiyo da ɗan injin tura ruwa. Akwafonik ke nan: ruwan kifi ya hau wurin shuka, shuka ta tsotse ƙazantar, ruwan ya sauko wa kifi da tsabtarsa. A takarda ko yaron lakwal zai zana shi.

Abin da na karanta amma bai shiga jikina ba shi ne, ƙazantar kifi ba ta zama abincin shuka kai tsaye. Kifi amoniya yake fitarwa, ita kuwa guba ce a gare shi. Sai wasu ƙwayoyin bakteriya masu maƙalewa jikin tsakuwa sun mai da ita nitirit, wanda shi ma guba ne, sannan wasu daban su mai da nitirit ɗin nitirat. Shi ne saiwa ke sha. Ƙwayoyin da kansu suke zuwa, amma sukan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya aikin. Ni kuwa yau na gama haɗa tiyo, gobe na zuba kifi, a cikin ruwan pampo mai kulorin, wanda aka sa don ya kashe irin waɗannan ƙwayoyi. Inna ta leƙo tana kallona ina tsamo matattu da kwando, ta ce, "Ɗan nan, ko sabuwar randa ai sai an bari ta sha ruwa tukuna kafin a sha nata."

A karo na biyu na bar ruwa ya kwana biyu a buɗe kulorin ya fita, na sa kifi biyar kacal, na jira. Kuma na koma tarwaɗa. Dalilin Maradi ne: a watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, in wuta ta ɗauke da rana tsaka karfasa sai ta taso sama tana haki. Tarwaɗa tana iya shaƙar iskar sarari, shi ya sa takan jure. Sai dai bakteriya da saiwoyi ba su da wannan baiwa, don haka dole na tara kuɗi na sayi pano mai kama hasken rana da batir don kada injin ruwa ya tsaya, na kuma kafa wa tankin rumfar zana. Da hunturu ya shigo sai lamarin ya juye: ruwa ya yi sanyi, kifi ya rage ci, wanda bai rage zuba abinci ba zai tarar da shi yana ruɓa a ƙasan tanki.

Tsakuwa ma ta koya mini hankali. In akwai farar ƙasa a jikinta, tana ɗaga pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, alhali ana so ya zauna tsakanin 6 da 7. Da ya haura, sabon ganye ya fara rawaya jijiyoyinsa na nan kore, alamar shuka ta kasa shan sinadarin ƙarfe. Yanzu kafin in sayi amalanken tsakuwa sai na ɗiga wa ƴan ƙwaya binegar. In ta yi kumfa, na gode wa mai ita in wuce.

Koyarwa ta fi wannan duka wuya. Da aka fara haɗa ni da matasa da matan unguwa, sai na yi musu yadda aka yi mini: allo, alli, kibiyoyi, sunayen bakteriya irin su Nitrosomonas, rabi Faransanci rabi Hausa. Kowa na gyaɗa kai, babu mai tambaya, ni kuma na ɗauka sun gane. Ran nan wani dattijo mai lambu a Jiratawa, wanda ya rako jikansa ne kawai, ya katse ni.

"Mushe, dakata. Ba ɗanyen taki kake faɗi ba? Kashin kaji in ka zuba shi ɗanye ƙone shuka yake. Sai ya ruɓe."

Na ce, "Shi ne, Baba. Sai dai nan a cikin ruwa yake ruɓewa, kuma kafin ya ruɓe kifin yake ƙonewa."

Ya ce, "To ka faɗi haka mana, ɗana."

Abin da na shafe awa ina zagayawa ya gama shi a numfashi biyu. Tun daga ranar, da taki nake buɗe darasi, sunayen bakteriya kuwa sai wanda ya nema. Allon ma ya koma jingine a zaure. Kowane ɗalibi da kayensa na rubutu. Da safe ya ɗebi ruwa a ƴar kwalba, ya ɗiga maganin awo, ya gwada launin da katin launuka, ya rubuta. Ba na yarda kowa ya cika tankinsa da kifi sai ya ga da idonsa amoniya ta hau ta sauka, nitirit ya hau ya sauka. Satin da kwalbar ta daina canja launi, za ka ga mutum ya yarda akwai masu aiki a tsakuwar nan ko da bai taɓa ganinsu ba. Waɗanda suka fi ba ni wahala masu tausayi ne, da kifi ya taso sai su watsa masa abinci. Ma'aunin da littafin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2014 ya bayar shi nake bi: giram 40 zuwa 50 a rana ga kowace murabba'in mita ta ganye irin salati, alayyahu da na'ana'a. Na yanka musu gwangwanin tumatir daidai wannan awo, gardama ta ƙare.

Akwai abin da nake faɗa tun ranar farko, ko da zai rage mini ɗalibai. Wannan tsari ba zai cika rumbu ba, gero da dawa suna gona. Wanda ke da fili a bakin Gulbi, ruwa kusa, ƙasa mai kyau, bai da buƙatar injin da batir. Amfaninsa na ga mai ɗan tsakar gida cikin gari, wanda ke sayen ruwa wurin ƴan ga-ruwa, don ruwa ɗaya ne ke zagayawa, abin da ya ragu kawai ake ƙarawa. Shi ma sai ya yi lissafin abincin kifi, wanda yawanci daga Najeriya yake shigowa, kuɗinsa na hawa da sauka da canji da halin da iyaka ke ciki.

Dattijon bai gina tanki ba, ya ce kuɗin pano sun sayi tunkiya biyu. Amma duk Juma'a, ranar da muke wanke matatar tanki, jikan kan zo da bido biyu a bayan moto ya kwashe baƙin ruwan da ya kwanta. Tattasai Baba ke zuba wa ruwan.