Abin da gigin tsufa ya koya mini a Zangon Kumasi

Na shafe shekaru ina aikin jinya gida-gida a unguwannin Aboabo da Asawase da ke Kumasi a Ghana, kuma babu marasa lafiyar da suka gyara mini tunani kamar tsofaffin da mutanenmu ke cewa gigin tsufa ya kama su. A makaranta an koya mana cewa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana nau'insa mafi yawa a 1906, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi sun haura miliyan 55. Amma babu malamin da ya faɗa mana abin da za mu ce wa tsohuwar da ke neman mahaifiyarta, alhali mahaifiyar ta rasu tun kafin a haife mu.

Wata Hajiya ce ta fara nuna mini wannan giɓi. Ta ƙarar da ƙuruciyarta tana sayar da goro a babbar kasuwar Kumasi, amma da ciwon ya yi nisa, kullum la'asar sakaliya sai ta ƙulle 'yan kayanta a ɗankwali ta nufi ƙofa, tana cewa za ta koma Salaga domin Inna na jiranta. Ni kuwa, da yake ina ganin gaskiya ita ce magani, sai na ce mata, "Hajiya, ai Inna ta daɗe da rasuwa." Ta fashe da kuka kamar yanzu aka aiko mata da labarin. Sau uku ina maimaita wannan kuskure kafin matar ɗanta ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, don girman Allah ki daina. Kullum sabon zaman makoki kike kawo mata."

Daga nan na zuba ido ina kallon yadda ita take yi. Ba ta musu da surukarta, ba ta kuma yi mata ƙarya. Sai ta ce, "To Mma, bari a yi magariba tukuna. Wace irin miya Inna take yi muku?" Sannan ta ajiye mata kwaryar goro ta ce ta ware fari da ja. Kafin a kira salla tafiyar ta bi ruwa. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya san ciwon, domin yakan fara lalata wurin da ƙwaƙwalwa ke ajiye sabon abu, ya bar na da can har zuwa ƙarshe. Shi ya sa Hajiya ta manta da Asantancin da ta yi ciniki da shi shekara da shekaru, amma Hausar gidansu da Fatiha suna nan daram.

Na jima kafin na gane cewa marasa lafiya biyu ne a gidan. Matar ɗan nan tana kwana da makullin ƙofa ɗaure a bakin zanenta, ita ke wanka da wanki, kuma ita ce Hajiya ke kira ɓarauniya duk ranar da ta ɓoye kuɗinta ta manta wurin. 'Yan uwan da ke Turai idan sun bugo waya suka ji tsohuwa ta amsa gaisuwa lafiya lau, sai su ɗauka ana zuzuta abin ne. Ranar da na gwada jinin matar ɗan na tarar ya hau fiye da na Hajiya, kuma tun daga lokacin ba na barin irin wannan gida sai na duba mai jinyar, na kuma nemi dangi su raba kwana.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bakin maƙwabta. Tsohuwar da aka tsinta a titi da tsakar dare tana kiran sunayen matattu ba ta da nisa da a ce mata mayya, kuma ba mu manta da Akua Denteh ba, dattijuwar da aka kashe da duka a Kafaba, kusa da Salaga, a watan Yulin 2020 bisa zargin maita. Saboda haka nakan roƙi limamai su yi maganar a wa'azi, tunda Suratun Nahli ta ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya rasa sanin abin da ya sani a da. Nakan kuma matsa wa iyali su kai tsoho Asibitin Komfo Anokye da wuri, domin hawan jini da ciwon suga suna ƙara ciwon, wani ruɗewar kuma ciwon fitsari ne kawai da magani ke warkarwa.

A ziyarata ta ƙarshe Hajiya ba ta gane ɗanta ba, har ta gaishe shi kamar baƙo ta ce a kawo masa ruwa. Da na ɗauki goro ɗaya daga kwaryar, sai ta karɓe, ta juya shi a tafin hannunta, ta ce mini wannan ya fara ƙwari, kada a haɗa shi da sauran.