Me ya sa kaset ke cika tun bai kai adadin da ke jikin kwalinsa ba?

Wani abokin aikina ya taɓa samuna da kaset na LTO-8, wani nau'in kaset na ajiye bayanan kwamfuta, a hannu, ransa a ɓace, yana cewa manhajar da ke kwafe mana bayanai don ajiya ta lalace, domin ta nemi sabon kaset tun ba ta rubuta terabait 13 ba (terabait ma'auni ne na yawan bayanai), alhali a jikin kwalin an rubuta 30. Manhajar ba ta da laifi ko kaɗan. Lambobi biyu ne a jikin kwalin, 12 da 30, kuma ta farkon ce ainihin abin da kaset ɗin yake ɗauka. Ta biyun kiyasi ne da aka gina a kan zaton cewa na'urar da ke rubutu a kan kaset ɗin za ta matse bayanan har kowane terabait biyu da rabi su koma ɗaya.

Matsewa kuwa ta dogara ne ga irin kayan da aka ba na'urar. Rubutu zalla da rumbunan bayanai cike suke da maimaici, don haka suna matsuwa sosai, amma hotunan JPEG da bidiyon MP4 da fayilolin ZIP an riga an matse su tun daga tushe, babu sauran abin da za a tatsa a jikinsu. Da muka duba abin da aka kwafe a daren, kusan dukkansa bidiyo ne.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne kulle bayanai da lambar sirri. Idan manhaja ta kulle su kafin su isa na'urar, sai su zama kamar tarin lambobi marasa tsari, matsewa kuma ba ta cin komai a kansu. Tun daga samfurin LTO-4, wanda ya fito a 2007, na'urar da kanta tana iya matsewa da farko sannan ta kulle, kuma a ganina wannan tsarin ya fi dacewa ga wanda yake tattalin kaset.

Akwai kuma asarar da ba a gani. Na'urar tana karanta abin da ta rubuta nan take, kuma idan ta ga kuskure sai ta sake rubuta shi a gaba, saboda haka kan na'urar, wato ɓangaren da ke rubutu da karatu, da ya yi datti ko kaset da ya tsufa yana cin fili a ɓoye. Lissafi ma yana rage adadin a ido, domin terabait 12 na kamfanin da ya yi kaset ɗin, wanda ke ƙirga da 1000, yakan bayyana a matsayin 10.9 a manhajar da ke ƙirga da 1024.

Sauran ya rage ga tsarin da aka zaɓa: ko a kwafe komai kowane dare, ko a kwafe abin da ya sauya kawai. A tuna cewa kaset a bayan rubutun baya yake ɗorawa, kuma kwafin da wa'adinsa ya ƙare ba ya mayar da filinsa sai an sake rubuta kaset ɗin daga farko. Ni dai tun daga ranar, da lamba 12 nake lissafin yawan kaset ɗin da za mu saya.