Hannu biyu, kiɗa biyu: daren piyano a Filato

Ranar Asabar wata malamar kiɗa ta gayyaci mutane kaɗan falonta a unguwar Filato, nan Yamai, don mu saurari piyano. Ba irin na lantarki da muka saba gani a wurin biki ba, wanda yaro zai latsa maɓalli guda ganga ta tashi da kanta. Wannan na katako ne, maɓallai 88, kowanne da ɗan guduma a ciki mai bugun tsirkiyar ƙarfe. Riƙonsa a garin nan wahala ne: hunturu yana busar da katakon, muryar ta karkace, mai saita shi kuma sai an yi cigiya.

Ta fara da "Opening" na Philip Glass, Ba'amurken da aka haifa a Baltimore a 1937, daga faifansa Glassworks na 1982. Na taɓa jin sa a waya, bai ce mini komai ba. Ganin hannuwan ne ya canza lamarin. Dama tana bugu uku a daidai lokacin da hagu take bugu biyu, ba mai jiran wata, kuma ba su taɓa ɓacewa juna ba. Kamar lugude ne, mata biyu a turmi guda, kowace da nata lokacin, amma kunne yana jin abu ɗaya. Haka ake ta juyawa, sai can yatsa ɗaya ya gusa kaɗan, kalar kiɗan gaba ɗaya ta sauya, kai kuma ba ka san lokacin da ka daina lura da zafin ɗakin ba.

Abokina da ke gefena ya raɗa mini: "Malam, wannan baiwar Allah ta manta sauran ne?" Na kusa fashewa da dariya. Shi ne fa mutumin da zai kwana gaban mai gurmi yana jin zubi ɗaya har asuba bai ce ya gaji ba.

Kuma ba zato nake ba idan na ce akwai jininmu a wannan salo na maimaita zubi ɗaya. Steve Reich, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ya je Ghana a 1970 ya koyi kiɗan gangunan ƙabilar Ewe, ya koma ya rubuta Drumming a 1971. Tun kafin tafiyar, a 1967, ya yi Piano Phase: mutum biyu, kowa da nasa piyano, suna buga gajeren zubi ɗaya, sai ɗayan ya ɗan ƙara sauri har su rabu, su yi ta zagaye kafin su sake haɗuwa. Malamar ta ce tana sha'awar yin sa, amma wa zai ba ta aron piyano na biyu?

Na Arvo Pärt ɗan Estoniya, Für Alina na 1976, wanda shi ma ta buga, shi ne bai shige ni sosai ba. Bugu kaɗan ne, da shiru mai tsawo a tsakani, shirun kuma a Yamai ba namu ba ne. An kashe fanka saboda shi, sai kabu-kabu da injin maƙwabta suka cike gurbin. Wata ƙa'idar ma ta dame ni: ba tafi, ba "sannu da aiki", ba liƙi, sai an kai ƙarshe. Mu da muka tashi muna yaba makaɗi tun yana tsakiyar aiki, zaman nan da hannu a cinya ya yi mini nauyi.

Ga wanda ke son shiga wannan kiɗa, ni ba da Glass zan ce ya fara ba. Ya nemi Mamman Sani, namu na nan Yamai, wanda ya naɗi kaset ɗinsa da ogan na lantarki a 1978, kiɗan da rediyo da talabijin na ƙasa suka daɗe suna sakawa tsakanin shirye-shirye. Kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013, yana nan a intanet. Da yawanmu mun sha jin sa muna yara ba mu san sunan mai shi ba.